Baba Mai Juji, Wanda Ya Gayyato Gara Gona

Kafin rana ta yi zafi Baba Mai Juji ya riga ya ɗaura wa jakinsa amalanke yana bin gidaje: tokar murhu a nan, kashin awaki a can, ƙaiƙayi daga gindin turmi. Ba ya zuba komai a gonar mutum sai ya durƙusa ya tsince leda da fasassun kwalabe da hannunsa. Shekara da shekaru haka yake, har warin taki ya zame masa turare. Bana gwiwa ta ce ta gaji, zai ajiye aiki. To wallahi ba zai tafi shiru ba!

A da, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta, ko makiyaya su kwana da shanunsu a ciki. Yanzu ina filin hutun? Takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Kai ne ka tsaya a wannan giɓin, Baba, da jaki ɗaya da shebur.

A tambayi Uwar Tagwaye. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar gero da ta zama fako, ruwan sama ya zuba ya wuce kamar a kan faranti. Gonar ce kaɗai abincin 'ya'yanta, ga ƙanin mijin ya matsa.

"Yaya, ko ƙaya ba ta fitowa a nan. A sayar kawai a huta."

Baba ya ji labari ya zo. "Ki ba ni rani ɗaya, 'yata."

Ya haƙa ƙananan ramuka, kowanne ya zuba masa taki cikin tafin hannu, ya rufa da karan gero. Ba a jima ba sai ga ta a guje, mayafi a hannu.

"Baba, mun shiga uku! Gara ta cika ramukan, tana cinye takin!"

"Madalla! Ai ni na gayyato ta. Bar ta ta huda mana ƙasa, ruwa ya sami hanya."

Haka kuwa aka yi. Damina ta sauka, ruwa ya bi hanyoyin gara ya nutse, gero ya tashi har ya shanye kan ƙanin mijin da ya zo leƙe. Da kaka ta kawo wa Baba damin farko, hawaye na zuba. Shi kuwa ko kallon zangarniyar bai yi ba.

"Karan fa? Kin kwashe?"

"Na bar wa baƙinka, Baba."

Ya yi dariya har da tari.

Mun gode, Baba, mai ta da matacciyar ƙasa! Allah Ya hutar da gwiwar nan. Ku kuma matasa, amalanken na nan jingine a ƙofar gidansa, jakin ma ya san hanya. Tagwayen da Baba ya ceci gonarsu sun riga kowa, yau da safe an gan su durƙushe a kan juji suna tsince leda.