Kwana Biyar ɗin da Tasi'u Ya Je Gida

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Minjibir ya bi ta layin 'yan hatsi ya san kemis ɗin Alhaji Nababa, ɗan tsukukun shagon magani mai koriyar ƙofa. Wanda ya san shagon kuwa Tasi'u ya sani, don Alhaji dai sunansa ne kawai a jikin allo. Yau shekara biyu ke nan ba wanda ya ga ƙofar nan a rufe da rana. Ko ranar Idi, da an sallame za ka ga Tasi'u ya naɗe dardumarsa yana sauri kamar ya bar tukunya a kan wuta. Mutanen gari cewa suke son kuɗi ne. Abin nan yana ba ni haushi, don ba su san abin da suke faɗa ba, kuma shi ba zai taɓa buɗe baki ya gyara musu ba.

Tasi'u ɗan wani ƙauye ne a bayan Shanono. Mahaifinsa ya rasu yana aji biyu a sakandare, ya bar musu gona ɗaya da ba ta kai su ko tsakiyar rani. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Inna, ita ta dage sai ya yi karatu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tura shi har ya samu gurbi a wata makarantar koyon aikin lafiya a Kano, ɓangaren haɗa magunguna. Da karatu ya yi tsada sai wani malaminsu ya haɗa shi da Alhaji Nababa. Litinin zuwa Laraba yana aji, ragowar kwanakin yana bayan kanta a Minjibir, in an yi hutun makaranta kuwa shago ya ci shi gaba ɗaya. A bayan katan-katan na ledojin ƙarin ruwa yake shimfiɗa tabarmarsa.

Yawancin masu zuwa shagon ba sa karatun boko, saboda haka Tasi'u ya fito da tasa dabarar. Yakan yagi takarda daga tsofaffin littattafansa ya ƙunshe ƙwayoyin, sannan ya yi zane da biro a bayan ƙunshin. In da safe za a sha, ya zana rana da 'yan tsinkayenta. In da yamma ne, jinjirin wata. Tsofaffi suka ji daɗin abin, suka sa masa suna Likita. Tun yana cewa shi ɗalibi ne har ya gaji ya bari.

Cikin tsofaffin nan akwai Iya Kaltume, wata 'yar siririyar tsohuwa mai ciwon suga, mai bakin tsiya. Ɗanta ya tafi ci-rani Kudu, ita da matarsa Zulaihatu ne a gidan. Shekarar da aka cire tallafin mai, magani ya yi tashin da ba mai iya sayen kati guda, sai Iya ta koma sayen ƙwaya uku-uku. Duk bayan kwana uku sai ga ta da sandarta.

"Ina angon nawa? Ko ka yi mini kishiya ne ban sani ba?"

"Wa zai aure ni, Iya, duk gari an san ke ce a gidan? Zauna in ga idonki. Me kika ci yau?"

Haka suke yi kullum. A cikin wasan nan yake gane ko ta ci abinci, ko jiri na ɗibarta, ko ta saci rake. Don Iya ɓarauniyar zaƙi ce ta gaske. Alewa, mazarƙwaila, sukari a koko, in ta samu sarari ba ta bari. Shi ya sa ranar da Zulaihatu ta rako ta, Tasi'u ya ɗaure fuska ya ce mata, "Yaya Zulai, ke zan damƙa wa amana. Ko kuka take yi, ko roƙonki take da Allah, kada ki ba ta sukari. Guba ne a jikinta."

Ya san maganar ba ta cika ba. An koya musu a aji cewa maganin kan yi wa mutum yawa in cikinsa ba abinci, sugan jikinsa ya faɗi ƙasa warwas, kuma a wannan lokacin sukarin ne kaɗai ceto. Amma ya san halin Iya. In ta ji akwai ranar da aka halatta mata, to kullum ranar ce. Ya ce a ransa ai yana nan, ko me ya taso shi za a kira. Har lambarsa ya rubuta wa Zulaihatu a bangon ɗaki da gawayi.

Da azumi ya zo ya yi iya yinsa ya hana Iya, ta ce tun kafin a haifi uwarsa take azumi. Sai ya rage mata maganin, ya mayar da shi lokacin shan ruwa, ya koma zana mata jinjirin wata. Aka yi wata guda lafiya lau cikin zafin nan mai narka mutum.

Shekara biyu rabonsa da yin Sallah a gida. Inna ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, sai dai wannan karon ta aiko a gaya masa ta ajiye masa zakara. Kwana uku yana juya yadda zai tunkari Alhaji. Kunya yake ji kamar zai roƙi abin da ba nasa ba. Da ya daure ya faɗa, sai Alhaji ya ce:

"Kwana biyar, Tasi'u? Lokacin Sallah, da ake cin nama ana ɓata ciki? To, ba komai. Zan sa ƙanena ya zauna. Allah dai ya sa kada a nemi wani abu a rasa."

Wannan "ba komai" ɗin ta fi zagi ciwo. Ya kusa cewa ya fasa, sai ya tuna zakaran Inna.

Ranar jajibere Iya Kaltume ta zo. Ya ƙunsa mata na kwana shida cur don kada ta sha wahalar zuwa wurin wanda bai san ta ba. Azumi ya ƙare, saboda haka ya mayar da ita cikakken maganinta, ya zana mata rana ƙatuwa, har ya yi wa ranar ido da baki don tsokana.

"Daga gobe an koma safe, Iya. Kin ga rana ko?"

"Na gan ta, mummuna kamar mai zanen. Ka gaida uwar mijina."

Tambaya ɗaya ce bai yi ba. Shi da ya tashi a hannun Inna, wadda ba ta taɓa bari Sitta Shawwal ya wuce ta ba, azumin nan na kwana shida da tsofaffi ke ɗorawa tun washegarin Sallah kafin jiki ya saki. Ya sani sarai. Hankalinsa ne yana tasha, yana lissafin ko zai samu motar Shanono kafin la'asar.

A gida ya ji daɗin da ya manta akwai irinsa. Inna ta yanka zakara, ƙannensa suka kewaye shi, ya yi barci har hantsi. Sai dai waya ta hana shi sakat. Ƙanen Alhaji ne: ina maganin tari na yara, nawa ake sayar da auduga, wane mukulli ne na durowa. Ranar Sallah kaɗai ya kira sau goma sha ɗaya. Washegari Tasi'u yana cikin cin tuwo wayar ta sake ruri, Inna ta ce, "Kai da ka zo hutu?" Ya danna ya kashe ta, ya jefa cikin jaka, ya ji wani sanyi a ransa. Wannan sanyin ne har yau bai yafe wa kansa ba.

Ita kuwa Iya, washegarin Sallah ta ɗauki Sitta Shawwal. Ta duba ƙunshi ta ga rana. Likita ya ce safe, azumi kuma ya hana haɗiyar komai bayan alfijir, sai ta haɗa biyun: ta riƙa shan ƙwayar a sahur. Sahur ɗin me, a shekarar da kwanon gero ya gagari mutane? Ruwa ne da ɗan guntun ɗumame. Kwana biyu ta yi tana jiri tana ɓoyewa. Rana ta uku, wajen azahar, tana tsince wake a inuwar zaure, gumi ya karyo mata, hannu ya kama rawa, magana ta sarƙe.

Zulaihatu ta duba bango ta kira lambar. A kashe. Ta sake kira, a kashe. Wata maƙwabciya ta shigo da gudu ta ce a jiƙa sukari a ɗura mata, haka ta ga an yi wa wani a birni. Zulaihatu ta tare ƙofar ɗaki da jikinta ta ce ba a gidan nan ba, Likita ya ce guba ne. Ita ma Iya, da ɗan sauran hankalinta, an ce bakinta ta datse don kada a karya mata azumi. Kafin a samo motar da ke da mai, la'asar ta yi. Ba su kai Kano da ita ba.

Tasi'u ya kunna waya a cikin motar dawowa. Saƙon kiran da aka yi masa ya riƙa shigowa, lamba ɗaya, sau tara. Lambar Zulaihatu ce.

Ya je gaisuwa. Daga bayan labule Zulaihatu ta ba shi labari tiryan-tiryan, muryarta a dashe, sannan ta miƙo masa ƙunshin da ragowar ƙwaya biyu a ciki, ga ranarsa tana murmushi a jiki.

"Likita, wallahi duk yadda ka ce haka muka yi. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sukari kuwa har cewa aka yi in ba ta, na hana. Na riƙe maka amanarka. Kwana ne ya ƙare."

Ya ce Allah ya jiƙanta. Abin da ya iya faɗa ke nan. Cokali biyu na sukari a ruwa, shi ke nan abin da ake nema, kuma yana cikin gwangwani a ɗakin, taku uku daga inda ta kwanta. In ya faɗa, ya ɗora wa baiwar Allah nan dutsen da shi ya sassaƙa. In ya yi shiru, ya bar ta tana gode masa. Ya zaɓi shirun, kuma kada wani ya ce tausayi ne zalla, da tsoro a ciki.

Alhaji Nababa bai zarge shi ba, cewa ya yi tsohuwa ce, lokaci ne. Malamin da ya je wa da tambaya a kaikaice ya ce ajali ba ya jiran waya. Duk gaskiya suka faɗa, amma ba ta shige shi ba. Ya daina zuwa aji ranar Litinin, don kada a zo nemansa a shago a rasa shi. Daga baya Talata ma ta bi. Jarrabawar ƙarshe ta zo ta wuce yana bayan kanta, Alhaji kuwa bai ce masa don me ba, shi da ya samu mai gadin shago na kullum. Inna ta aiko Babbar Sallah, ya ce aiki. Ta aiko ta gaba, ya ce aiki. Yanzu ta daina ajiye zakara. Wayarsa ko a masallaci ba ya kashewa.

Bana, saura kwana biyu Ƙaramar Sallah, sai ga Zulaihatu ta shigo shagon riƙe da hannun wata dattijuwa. Ta ce gwaggonta ce daga ƙauye, an auna ta an ce suga ne, ita kuma ta ce ba inda za a kai ta sai wurin Likita.

"Na riga na yi mata bayani," in ji ta, da ɗan alfaharinta. "Na ce ko mutuwa take yi kada a kuskura a ba ta sukari. Ni na yi jinyar irinsa, na sani."

Tasi'u ya tsaya da biro a hannu. Shekara biyu yana gudun wannan ranar, ga ta ta same shi a inda ya ɓuya. Ya dubi dattijuwar, siririya ita ma, da carbi a wuya.

"Gwaggo, kina Sitta Shawwal?"

"Ban taɓa sha ba, ɗan nan."

Ya ajiye biron. Bai dubi Zulaihatu ba, dattijuwar ya yi wa magana, a hankali, kalma-kalma. Ya ce in za ta yi azumi kada ta sha ƙwayar a sahur, ta zo ya canza mata. Ya ce in ta ji gumi ya karyo mata, hannu na rawa, ido na duhu, to a jiƙa sukari cokali biyu a ba ta nan take, ko tana azumi, ko ta ƙi.

Ƙarar injin niƙa na shigowa daga layin 'yan hatsi.

"Gumi," in ji Zulaihatu. "Da rawar hannu."

"E."

"Ko mai ciwon suga ce?"

"Ita ce ma ta fi buƙata, Yaya Zulai."

Ya jira ta zage shi, wallahi da ta zage shi da ya ji sauƙi. Ta gyara mayafinta, ta karɓi ƙunshin ta danƙa wa gwaggon a hannu, ta kama ta suka fita. A bakin ƙofa Zulaihatu ta dafa bango, sannan ta wuce.

Gwaggon tana zuwa duk bayan kwana uku, ita kaɗai. Zulaihatu kuwa, in hanya ta biyo da ita ta layin, tun daga wurin mai niƙa take tsallakawa ɗaya gefen. Tasi'u yana ganinta ta cikin ƙofa, ba ya kiranta. Ranar Idin kuwa, kwana biyu bayan zuwansu, ya buɗe shago kamar kullum, ya zauna har magariba, mutum biyu suka shigo, dukansu maganin ciwon ciki suka saya.