Zalɓen Kawu Mai Walda

Kawuna mai walda ne. Tun yana saurayi ƙofofi da tagogi yake yi, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ba shi da yawan magana, sai dai in ya kafe a kan abu, to, ya kafe.

Da aka gina gadar masu tafiya a ƙasa a kan rafin bayan unguwa, kwamitin unguwa ya ce a yi mata ado. Kawu ya ce zai ƙera zalɓe, tsuntsun nan mai dogon wuya da ke tsayawa cikin ruwa. Ya tara tsohuwar salansar mota, da sarƙar keke, da bakin shebur, ya rufe shago. Masu jiran ƙofa suka yi ta jira.

Ranar da aka kafa shi a tsakiyar gada, shugaban kwamiti ya zagaya shi, ya ce, "Sannu da aiki. Kazar nan ta yi kyau."

Kafin sati ya zagayo, sunan wurin ya zama Gadar Kaza.

Abin ya taɓa Kawu, ko abinci bai ci sosai ba. Matarsa ta ce, "Malam, ai kaza ma halitta ce." Ya ɗauki injin walda ya koma gadar, ya ƙara wa wuyan tsawo, mutane suka ce jimina. Ya rage ƙafafun, suka ce agwagwa. Daga nan kwamiti ya roƙe shi ya bar musu abin haka, don an gaji da sauya wa gada suna.

Da idonsa ya yi rauni, ya bar wa ɗansa shagon, ya koma zama a bencin gadar. Duk wanda ya tsaya ɗaukar hoto, sai ya gaishe shi, sannan ya ce, "Zalɓe ne." Ana yi masa godiya.

Wata safiya muna tare, zalɓe na gaske ya sauka a kan ƙarfen gadar, daf da nasa. Masu wucewa suka tsaya. Suka danne dariya, saboda girman Kawu.

Ya daɗe yana kallon wannan, yana kallon wancan. Da tsuntsun ya tashi, ya juyo gare ni.

"Ka lura?" ya ce, yana nuna tsuntsun da ya tashi. "Wuyan nasa bai zauna daidai ba."