Maɓallin da Malama Agogo Ba Ta Kashe Ba

Shekara ashirin da shida Malama Agogo ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu, kuma ba a banza ta samo sunan ba, don mai gadi ma da shigowarta yake gyara agogonsa. Mace ce mai aiki tsakani da Allah, ba ta duka, ba ta zagi. Aibinta ɗaya, baki. Abin da ya zo mata shi take faɗa, in an yi ƙorafi ta ce ai gaskiya ɗaci gare ta.

Ana nan sai aka kawo mata wata yarinya mai raunin ji, wadda yara suka laƙaba wa 'Yar Taga, saboda nan take zama inda haske yake, tana karanta leɓen mai magana. Matsalar ita ce Malama ta saba yin bayani tana fuskantar allo, ƙeya kuwa ba ta karantuwa. Uwar yarinyar, wata mai ɗinki, ta yi ta zarya tsakanin asibiti da makaranta har aka samo na'ura: ɗan makirufo da Malama za ta rataya a wuya, da ɗan abin da ake maƙala wa yarinyar a kunne. Duk abin da Malama ta faɗa, kai tsaye yake shiga kunnenta, ko da bango a tsakani.

"Malama, ga amana," in ji mai ɗinkin. "Maɓallin nan ne kawai. In kin shiga aji ki kunna, in za ki fita ki kashe."

"Haba baiwar Allah, ni da nake riƙe da yara arba'in, maɓalli ɗaya ne zai gagare ni?"

Ranar farko Malama na fuskantar allo ta ce, "Bakwai sau takwas?" Sai wata murya mai nauyi, wadda ajin bai taɓa ji ba, ta amsa daga bakin taga, "Hamsin da shida." Malama ta juyo ta ga yarinyar dafe da kunne tana dariya. Idon Malama ya kawo ruwa, ta ce garin alli ne ya shige mata. Tun daga ranar yarinyar ke riga kowa zuwa, ta goge teburin Malama, ta miƙa mata makirufon da hannu biyu.

Amma shekarun da ta yi ba ta ji sun bar ta a baya, kuma jarrabawa ba ta san uzuri ba. Ran nan da aka fita tara Malama ta shiga ɗakin malamai a gajiye, ta zube takardu. Abokiyar aikinta ta ce, "Yaya 'yar taki mai na'ura?"

"Ke dai bari. Ƙoƙari tana yi, amma ba inda za ta. Uwar ce ke wahalar da kanta. Da ta zaunar da ita gaban keken ɗinki da ya fi mata."

Ta sunkuya za ta ɗauki biro, sai ta ga 'yar wutar makirufon tana ci a ƙirjinta.

Malamar da ba a taɓa ganin ta tana sauri ba, ranar da gudu ta koma aji. Yarinyar na zaune a wurinta, ba kuka take ba. Ta cire abin kunnen ta ajiye shi a kan rajistar Malama. Malama ta durƙusa gabanta ta buɗe baki, yarinyar ta kau da fuska zuwa taga. Wanda ke ji da ido, in ya kau da kai babu ta inda za ka same shi.

Kwana uku kujerar babu kowa. Malama ta saka abin kunnen a aljihun tebur ta nufi shagon ɗinkin. Ta tarar da yarinyar a can ciki tana zura zare a allura, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ta faɗa mini komai ba," in ji uwar. "Ta dai ce ɗinki take so. Wani yaro ne ya tsokane ta?"

"Ba yaro ba ne, ni ce." Malama ta maimaita maganar duka, ba ta rage komai ba.

Mai ɗinkin ta tsayar da keke. "Malama, shekara goma ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ta ji magana sarai. Ga shi ta ji."

Yarinyar ba ta dawo ba. Malama ta ƙara shekara huɗu kafin ta yi ritaya, har yanzu ba ta latti, amma bakin nan ya mutu. Kafin ta yi magana sai ta taɓa ƙirjinta, ko a gida ne. Abin da bai taɓa barin ta ba shi ne safiyar da ta biyo bayan zuwanta shagon. Ta riga kowa shiga aji, ta rataya makirufon, ta kunna, ta dubi kujerar bakin taga ta ce, "'Yata, ki yafe mini."

Sai ta ji tata muryar, 'yar siririya, tana fitowa daga aljihun tebur.