Farin Gwal ɗin Goggo

Shekarar da aka turo ni koyarwa a firamare a Illela, gidan Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina. Mijinta malami ne mai makarantar Islamiyya, ita kuwa mace ce mai son ado da son shiga mutane. Ba a biki ko suna daga nan har Garu ba a gan ta ba.

Babban ɗanta da ke aikin gwamnati a Abuja ya je Umara, ya kawo mata tsarabar sarƙa da 'yan kunne na farin gwal. Ya ce yanzu shi manyan mata ke yayi, kuma kuɗi ya zuba ba kaɗan ba. Goggo ta yi ta sa masa albarka.

Ranar da ta fara sa su, wani suna ta je a Darna Sabon Gari. Ta dawo ta yar da mayafi ta zauna, ko ruwa ba ta nema ba. Na ce, "Goggo, lafiya?"

"Lahiya mi? Duk wadda tag gan ni sai ta ce azurhwata ta yi kyawo. Azurhwa! Har wata na tambaya ta wane maƙeri yay yi min."

Na yi dariya har ta jefe ni da mafici. A biki na gaba ta riƙa bin mata tana yi musu bayani, suna gyaɗa kai don kunya. Da ta dawo ta ce ta gaji, sayarwa za ta yi ta sayi ja, wanda ake ganewa tun daga ƙofar gida.

Ranar kasuwa na raka ta shagon wani Alhaji mai saye da sayar da gwal, kusa da 'yan canji. Ya goga sarƙar a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce gwal ne na gaske. Goggo ta dube ni tana murmushi. Sai ya ɗora a sikeli, ya fara rage-rage. Ya ce 'yan duwatsun nan masu ƙyalli ba a auna su. Kuɗin ƙira kuma wanda ya saya sabo shi ya biya, ba ya dawowa. Sannan an gauraya shi da wani ƙarfe don ya yi fari, kuma a nan ba mai tambayarsa, sai dai ya aika Kano a narkar. Da ya faɗi abin da zai biya, Goggo ta yi salati da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Daga Makka fa anka kawo shi."

"Hajiya, ko daga ina ne, sikelin ɗaya ne."

Tana ɗaure kayanta a gefen zane sai wata mata da ke zaune a benci ta ce, "Hajiya, don Allah in gani." 'Yar kasuwa ce daga Ƙonni, ta zo sayar da awarwaronta guda biyu na jan gwal. Ta ce ɗiyarta ma'aikaciyar jinya ce a Yamai, aurenta ya kusa, kuma yarinyar ta rantse ba ta son ja, na tsofaffi ne. Ta nemi fari har ta gaji.

Nan take Goggo ta canza. Sarƙar da ta kwana tana zagi ta zama abin da ba ta iya rabuwa da shi. Ta ce ɗanta na fari ne ya kawo mata, da hannunsa ya zaɓa. Matar ta yi tayi da sefa, Goggo ta amsa da naira, suka rikice, ni ma da nake koyar da lissafi na rikice. Alhaji ya ce su bar batun kuɗi, su yi musaya. Ya auna na kowa, ya ce awarwaro biyu a kan sarƙa da 'yan kunne ba wanda ya cuci wani, ya karɓi la'adarsa yana dariya.

Tun a shagon Goggo ta zura su a hannu. Maimakon mu hau a-daidaita-sahu, da ƙafa muka koma, muka biya gidajen da ba mu da wani dalilin shiga, tana gaisuwa tana ɗaga hannu.

Da yamma ta kira ɗan nata ta gaya masa komai, ba ta ɓoye ba. Ya ce, "Inna, in dai kin ji daɗi shi ke nan." Ta ce ta ji, kuma in zai sake komawa ya tafi da ita ta zaɓa da kanta.

Da auren ya zo, matar Ƙonni ta aiko mana goron gayyata, muka tsallaka iyaka muka je. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ta biyo gidanmu ta yi sallar azahar, ta bar wa Goggo cuku da dabino, su zauna a inuwar darbejiya suna hira har direbanta ya gaji da danna hon.