Mai Riƙe wa Jirgi Tuta

Gonarmu ta gero tana gefen filin da ƙaramin jirgin feshin auduga yake sauka, tsakanin Ƙarfi da Malumfashi. 'Yan shekaru bayan tafiyar Turawan mulki aka ce filin ya yi wa jirgin kaɗan, za a ƙara masa tsawo. Ai kuwa aka ja igiya ta tsakiyar gonar, aka sare geron tun bai fid da kai ba. A madadin gona sai aka ba maigidana aiki: ya tsaya a bakin kunyar auduga da farar tuta ɗaure a gora, matuƙi ya hango shi ya san inda zai saki magani. In jirgi ya wuce ta kansa, ya matsa gaba ya sake ɗagawa. Har barka mutane suka zo yi mana. Barkar me, don Allah?

Kullum jiƙe yake dawowa, yana warin kananzir, idanu jajur kamar garwashi. Ni ke wanke rigar, har fatar hannuna ta riƙa saluɓewa. Jirgin kuwa in ya taso sai ka rantse a kan danga zai sauka. Kajina suka daina ƙwai, 'yar da nake goyo ta koyi firgita cikin barci.

Kunnen maigidana ne ya fara tafiya. Sai in yi ta sannu da zuwa, mutum yana kallon bakina yana murmushi. Daga nan tari ya shigo, irin wanda ke durƙusar da ƙato. Surukata ta ce iska ce ta buge shi, ta yi ta turara masa saiwoyi. Na ce, "Inna, iskar nan ai kowa ya san mai kawo ta." Ta ce in iya bakina.

Ban iya ba. Na kafa baki a kunnensa na ce, "Malam, ka bar aikin nan, kashe ka yake yi."

Ya ce, "In na bari, ƙasar filin jirgi za ki tuƙa mana?"

Raina ya ɓaci.

Da ƙyar na ja shi asibitin mishan. Ma'aikaciyar ta saurari ƙirjinsa, ta daɗe, sannan ta ce huhun ya ƙone, kada ya ƙara shaƙar abin nan. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana godiya, ko kalma bai ji ba. A hanya na maimaita masa da ƙarfi, har masu wucewa suna waiwaye. Ya ce, "To, bari a gama feshin bana."

Bai ga ƙarshen feshin ba. A cikin kunyar auduga ya faɗi, aka kawo mini shi a amalanke, washegari da hantsi ya cika.

Da aka fita da shi ƙofar gida, na zauna a bakin ɗaki cikin mata, na kasa kunne in ji kabbarar liman, tunda ita kaɗai ta rage mini. A daidai lokacin jirgin ya taso, don an riga an sami wani mai tuta. Ya bi ta kan gidan, ya juyo, ya sake bi. Kafin ƙarar ta lafa sun ɗauke shi sun tafi. Ko kabbara ɗaya ban ji ba.