Gurnanin Ƙaramin Jirgi da Sunan Iya Hanne

Cikin shekarun da na yi ina aikin ɗakin gwaji, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji labarinta daga bakina, don idan wasu suka ba ku za su rage mini laifi, ni kuwa ba na so a rage.

A lokacin ina wata makarantar 'yan mata ta kimiyya a cikin birni, ba nisa da Ƙofar Nassarawa. Ga wanda bai san aikinmu ba, ba mu ke koyarwa ba. Mu ke riƙe da kayan aiki, mu shirya su kafin darasi, mu gyara abin da ya lalace. Ƙa'ida kuma ita ce, duk abin da ya samu matsala sai an cike takardar rahoto: mene ne ya lalace, yaushe, kuma wa ya taɓa shi a ƙarshe. Wannan layi na ukun shi ne mai cin mutane.

Abin alfaharin ɗakinmu shi ne wani ƙaramin jirgin ƙasa da wata tsohuwar ɗalibarmu, injiniya a ƙasar waje, ta aiko mana. Kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannuna ba, amma ba kayan wasan yara ba ne. Wutar lantarki tana kan layin dogonsa kullum, shi kuwa ba ya motsi sai an aika masa umarni daga wata na'urar hannu mai kama da rimot. A cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa kamar farcen babban yatsa, ita ke karɓar umarnin, ta riƙa ba ɗan injin da ke juya ƙafafun wuta a gutsure-gutsure, kunna-kashe, da saurin da ido ba ya gani. Kafinta ya yi masa faffaɗan tebur mai kama da akwati, sama falankin katako, ƙasa ƙofofi biyu, aka kafe dogon da ƙananan ƙusoshi. Shekara biyu yana zagaye teburin nan shiru abinsa.

Da damina ne aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo ranar Alhamis. Hajiya, shugabar makarantarmu, mace ce mai son tsari har ya yi yawa. Ran Juma'a ta ba da umarni a share ko'ina, a kwashe duk wani tarkace. Ta kuma ce da jirgin za a fara nuna wa baƙi.

Litinin da safe na kunna shi don gwaji. Yana fara tafiya a hankali sai ga wani gurnani, kamar injin markaɗe a gidan maƙwabta. Idan na ƙara gudu ya ɗan lafa, idan na rage ya dawo. Babu irin injin nan a kasuwa, kuma ni ce mai riƙe da makullin ɗakin.

Na bi matakan da aka koya mana ɗaya bayan ɗaya. Na goge dogo da ƙafafu. Na buɗe murfin, na duba haƙoran giyar injin ko zare ya naɗe su, babu komai. Na ɗiga mai, ɗigo ɗaya tak. Sai na ɗauko wani guntun dogo na ajiya, na shimfiɗa a kan dakalin siminti inda nake aiki, na gwada. Shiru, in banda wani ɗan zuu da sai ka kasa kunne. Na yi hamdala, na mayar da shi kan tebur. Gurnani ya dawo, har ya fi na ɗazu a kunnena. Sau uku ina yin haka tsakanin Litinin da Talata, kuma don taurin kai ban tsaya na tambayi kaina bambancin wuraren biyu ba. Na riga na sa a raina cewa cutar tana cikin jirgin.

Malam Bukar, shugaban sashenmu, ya leƙo ya saurara, ya ce, "Malama Rabi, koyil ne, naɗin wayar injin. Akwai mai naɗin fanka a unguwarmu, ki kawo in kai masa."

Na ce, "Malam, wayar cikin nan ta fi gashin kai siranta. In ya kwance ta, shi ke nan."

Wannan kaɗai na yi daidai a kwana biyun nan.

Talata da yamma Hajiya ta ce in kawo rahoto. Na zauna da biro a kan layi na uku. Wadda ta shiga ɗakin ran Juma'a da bokiti da tsumma, Iya Hanne ce, dattijuwa 'yar unguwar Madabo mai yi mana shara. Na ce a raina wataƙila ruwa ya shiga ciki. Ban gani ba, ban tambaye ta ba. Tsoro ne kawai, kada a ce ni ce. Na rubuta sunanta.

Mu da aka ɗauka aiki na dindindin, in mun yi laifi takardar tuhuma ake ba mu, mu ba da amsa. Ma'aikacin wucin gadi irin Iya ba shi da wannan gata, ce masa kawai ake yi ya huta. Laraba da safe Hajiya ta gaya mata cewa daga ranar ta gama.

Wajen azahar ina zaune na zuba wa jirgin ido, sai ga sallamar Iya. Na ɗauka faɗa ta zo yi, ko roƙo, na kasa haɗa ido da ita. Ta jingine tsintsiyarta a bayan ƙofa, ta ce, "Malama, sallama na zo yi miki. Sai kuma saƙo ɗaya. Sallayun yara da aka ce in kwashe suna sito. A gaya wa wadda za ta karɓe ni kada ta bar su a can, rufin yana yoyo."

Na ce, "Waɗanne sallayu, Iya?"

Ta ce, "Na cikin teburin jirgi mana. Ai nan suke cusa su in sun idar da azahar. Hajiya ta ce kada baƙi su buɗe su gani."

Na san da sallayun nan sarai. Kullum a gabana 'yan mata ke naɗe su su tura ciki, har na sha yi musu faɗa. Ban dai taɓa lissafa su cikin kayan aiki ba. Na tashi na buɗe ƙofofin teburin, wayam. Na ƙwanƙwasa saman da yatsa, ya amsa kamar ganga.

Ni da Iya muka kwaso su daga sito, rungume biyu-biyu, muka cusa su yadda suke da. Na danna na'urar. Jirgi ya tashi a hankali, ya zagaye tebur, babu abin da ake ji sai ɗan zuu ɗin nan. Ashe tun ranar farko injin yana da 'yar rawar jikinsa, ƙusoshi suna kai ta ga katako, sallayu suna shanye ta. Da aka kwashe su, akwatin ya samu bakin magana. Na zauna a ƙasa daɓas.

Daga baya na buɗe littafin da ya zo da jirgin, na samu inda ake ƙara saurin kunna-kashen nan har ya wuce abin da kunne ke ji. Na canza lambar, zuu ɗin ma ya ɓace. Amma wannan ƙaramin gyara ne. Babban yana ofishin Hajiya.

Na shiga na ce, "Hajiya, takardar jiya na zo karɓa."

Ta ce, "Ba ke kika rubuta ba?"

Na ce, "Ni na rubuta. Zato na rubuta, ba abin da na gani ba."

Na kwashe labari na gaya mata. Ta cire tabarau, sannan ta ce, "To ashe sunana ya kamata ki sa a layin nan, tunda ni na ce a kwashe." Ta miƙo mini takardar, ta aika a gaya wa Iya ta zo aiki gobe kamar kullum. Ran Alhamis baƙi suka zo, suka yaba jirgi, ba wanda ya buɗe ƙasan tebur.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne idan na'ura ta canza murya, kafin ku ɗauki sukudireba ku tambayi abin da ya canza a ɗakin. Ku tambayi mai shara da mai gadi, don sun fi mu sanin inda kowane abu yake kwana. Layi na ukun nan kuwa, in ba ku gani da idonku ba, ku rubuta ba ku sani ba. Ba a korar kowa a kan wannan.

A Larabar nan dai, da na dawo daga ofis na tarar da Iya tana jirana. Na durƙusa na ce ta yafe mini, ni na rubuta sunanta. Ta ce ta sani, kuma ta yafe tun safe. Sai ta dubi teburin ta ce, "Amma Malama, ashe haka yake tafiya? Ni da sassafe nake shara a nan, kullum a tsaye nake samunsa. Yau na fara ganin ya motsa."

Shekara biyu tana goge gefensa, har an kore ta a kansa. Na sa mata na'urar a hannu, na nuna mata inda za ta danna. Ta goge tafinta a zane tukuna, sannan ta karɓa.