Maɓallai uku cikin goma sha biyu

Shekaru da dama da suka wuce, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Lafiya, na kama ɗaki a unguwar Akurba. Maƙwabcina ɗan ƙabilar Eggon ne, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu, yana kuma da ƙarami a ɗaki da yake gwaji da shi. Da farko har ƙararsa na kai wa mai gida saboda hayaniya. Ban san ni zan koma mai ajiye masa kujera ba.

Wata rana da yamma ya nuna min cewa maɓallan fiyanon nan duk yawansu goma sha biyu ne ke maimaituwa, bakwai farare, biyar baƙaƙe, kuma uku yake haɗawa ya danna tare. Na tambaye shi haɗi nawa ke akwai, ya ce Allah kaɗai ya sani. Ni kuwa da son nuna iyawa na lissafa masa a tsaye: ɗari biyu da ashirin. Ya ƙaryata ni, ya ce sai mun saurare su duka.

Haka muka riƙa yi bayan na dawo daga la'asar, muna ɓarar gyaɗa, yana dannawa ina yanke hukunci. Wasu su sanyaya zuciya, wasu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ni baƙo ne a garin, ba ni da wani aboki sai shi.

Muna dab da gamawa ya samu aiki a Jos, ya ce ba zai tafi ba sai mun kai ƙarshe. Nan na fara jan ƙafa. Yau ciwon kai, gobe makin jarrabawa. Duk da haka haɗe-haɗen suka ƙare.

Ranar da ya danna na ƙarshe, na yi maza na ce ai in aka haɗa huɗu-huɗu, akwai ɗari huɗu da casa'in da biyar, gara mu fara. Ya dube ni, ya yi dariya har da hawaye.

"Malam, lissafi naka ba ya ƙarewa," in ji shi, "amma mota nawa gobe ne."

Na raka shi tasha, na dawo na tarar da gidan shiru, na yi kewarsa ƙwarai.

Lissafi ya gaya min adadin, bai gaya min cewa daɗin yana wajen wanda kuke saurare tare ba. Yanzu ɗana yana da fiyano a waya, ya sha cewa in zo ya danna min huɗu-huɗun. Kullum ce masa nake ya bari, akwai wanda nake jira.